Yaron Magama da Gurmin Gwangwani

Shekarar da sanƙarau ya ratsa Jibiya ina malamin elemantare, sabon hannu, ga rawar kai. Da cutar ta lafa aka maido mini wani yaro daga Magama, ɗan aji ɗaya, wanda a da bakinsa ba ya hutawa. Ya tashi da ransa, amma kunnuwa sun tafi. Hedimasta ya ce in ba ya ɗaukar karatu a sallame shi. Ni kuwa na ci alwashin ba inda za shi.

Da darasi ya zo kan sauti, na sa yara suka kwaso tarkace: gwangwanayen kifi da ake shigowa da su daga Maraɗi, karan dawa, gashin wutsiyar doki, guntayen fata daga majema. Muka ɗaure fata a bakin ƙwarya, na watsa gero a kai, na buga gefe. Gero ya hau tsalle. Na ce musu duk abin da ke ƙara karkarwa yake yi, ita kunne ke kamawa. Suka ce ashe gero ma ɗan rawa ne.

Na kamo hannun yaron na ɗora kan fatar, na buga. Ya zabura, ya dube ni, ya yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwo. Daga nan kullum sai in buga, ya ƙirga da yatsu, in rubuta masa adadin a allo. Da hannunsa ya haɗa gurmi na gwangwani, ya tafi da shi gida yana tsinkar tsirkiya, ya manna shi a ƙirji.

Washegari ubansa, wani dattijon falke, ya shigo har aji da gurmin a karye.

"Malam, mi kaka son maida ɗana? Maroƙi?"

Na ce, "Baba, ba kiɗa ba ne, karatu ne. Ta nan kaɗai yake ji."

"Gidanmu ba a taɓa kiɗi ba tun kaka da kakanni. Kurma na samun mata, Malam. Makaɗi hwa, wa za ya ba shi ɗiya cikin danginmu?"

Na yi bayani har miyau ya ƙafe. Ya saurare ni da ladabi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, sannan ya ce ya riga ya yanke: yaro zai tsallaka iyaka wurin kawunsa, kiwon raƙuma. Hedimasta, da ke zaune a bakin aji yana rubutu, ko kai bai ɗaga ba.

Yaron na tsaye tsakanina da ubansa, yana bin bakin wannan da ido, yana bin na wancan. Da uban ya ja hannunsa sai ya turje, ya miƙo mini alli in rubuta masa laifinsa. Na karɓa na tsaya gaban allo. Haruffan da ya sani ba su kai in gaya masa komai ba.