Hular Ummi a kan allon Balad

Shekarun baya, tun muna unguwar Karantina a Jidda kafin a rushe ta, aka shirya wani abu a Balad, tsohon cikin gari: kowace ƙasa a ba ta ƙaton allo a bakin hanya ta zana kayan gargajiyarta. Ni mai fentin gidaje ne, an ɗauke ni ne kawai in shafe allunan da fari in haɗa kala. Aka haɗa ni da wata Baturiya daga Latbiya, ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba. Zanen ɗamarar kakarta take yi, ja da fari, gida-gida kamar na dara.

Rannan ta tambaye ni, da hannu da guntun Turanci, wane ne zanen mutanena. Na ce ba mu da shi, ni a nan aka haife ni. Da na koma gida ina ba mahaifiyata, Ummi, labari ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Tun ina goye take ɗinkin hula da allura tana sayar wa alhazai. Ta ajiye wadda take ɗinkawa a cinyata, ta ce, "To wannan fa, tsumma ne?" Kwana biyu da ƙyar take amsa gaisuwata.

Akwai allo ɗaya da masu shi ba su zo ba. Baturiyar ta roƙa mini shi. Mai kula da aikin ya ce ya ba ni zuwa Alhamis, in bai yi kyau ba, halas, shi ke nan, a shafe. Na ɗauki burushi da girman kaina na zana hular da ka. Wallahi abin ya fito kamar kaza ta yi tono.

Laraba da safe na lallashi Ummi na sa ta a tasi. Ta kalli allon ta girgiza kai, ta ce ai hula ba zana ta ake yi ba, zare ake ƙirgawa. Ashe Baturiyar ma haka take nata, shi ya sa ta raba allonta gida-gida. Ta ara mini zaren alli, na sake shafe nawa, muka ja layuka. Ummi ta zauna a kujera tana ƙirgawa: uku sama, biyu gefe, sake kala, yalla, maza. Ni da gemuna ina kan tsani, ana daka mini tsawa a gaban jama'a.

Ranar Alhamis mai kula da aikin ya daɗe tsaye yana kallo. Bai yi maganar shafewa ba, sai ya tambayi sunan da za a rubuta a ƙasa. Na buɗe baki zan faɗi nawa, sai na ji nauyi. Na ba shi na mahaifiyata. Da aka rubuta, sau biyu ta sa na karanta mata.

Na yi fentin gidajen da ban san adadinsu ba a Jidda, babu wanda nake alfahari da shi kamar allon nan. Har yau ina ganin tsohuwar nan ta gyara mayafi ta tsaya a gefensa, ta ce mini, "Kai, matsa can, kana kare wa mutane."