Gyaran da Gwaggo Ta Yi da Jan Biro

Gwaggona shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a firamare. Har yau in ka tura mata saƙo a waya da kuskure a ciki, gyaran ne zai riga amsar isowa. Gajeriya ce mai saurin tafiya, tabarau rataye a wuya, kuma ba a raba jakarta da jan biro ko asibiti za ta.

A makarantarsu ita ce mai haɗa makin jarrabawa. Duk ƙarshen zango malamai za su kawo takardunsu ɗan ɗakin da ke jikin ofishin hedimasta, ta zauna a teburin nan da ake tokare ƙafarsa ɗaya da kwali, ta tattara, ta fitar da na ɗaya har zuwa na kashin baya. Ba wanda ya naɗa ta. Kowa dai ya san in lamba ta bi ta hannunta, an gama magana.

Da zaɓe ya zo aka ɗebi malamai aikin kwana ɗaya, aka ba ta shugabancin rumfar da ke harabar makarantar. Da yamma aka ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, ana ɗaga kowace ana faɗa. Wani ɗan takara ya samu ɗari biyu da sha uku. Gwaggo, da ta wuni a tsaye, ta rubuta masa ɗari biyu da talatin da ɗaya. Da ta zo haɗa jimla sai ta ga ƙuri'u sun zarce masu zaɓe da sha takwas. Ta bi layi-layi, ta kama kuskurenta, ta yi abin da hannunta ya saba: ta zaro jan biro, ta ja layi ɗaya a kan lambar, ta rubuta ta gaskiya a sama, har da 'yar alamar maki a gefe. Ba ta sa hannu kusa da gyaran ba, ba ta kira wakilan jam'iyyu su sa ba. A aji wa ke sa hannu don ya yi gyara?

Mutumin da lambarsa ta sauka ya faɗi zaɓe da ƙaramar tazara, ya garzaya kotu. Aka kira Gwaggo shaida. Lauyansa, wani matashi mai gyaran murya kafin kowace tambaya, ya ɗaga takardar sakamakon sama.

"Malama, wane launi ne biron da aka ba ku na aiki?"

"Shuɗi."

"Wannan fa?"

"Ja ne. Nawa ne."

"Wa ya ba ki izinin taɓa sakamako?"

"Ɗana, kuskure na gani. Sai in bar shi ya kwana?"

"Ni ba ɗanki ba ne, lauya ne."

"Allah ya yi albarka. Lauyan ma ai wata ce ta haife shi."

Aka bushe da dariya har sai da alƙali ya buga tebur. Gwaggo ta dawo gida tana ganin ta fita kunya. Bayan wata biyu kotun ta soke sakamakon rumfarta, ta ce gyaran da ba sa hannu ba abin dogaro ba ne.

Akwai wani shiri da ake yi a rediyo duk Lahadi da la'asar, inda wani babban lauya ke sharhi a kan hukunce-hukuncen kotu. A wannan makon ya ɗauki shari'ar, ya ce biro biyu a takarda ɗaya alama ce ta hannu biyu, kuma irin waɗannan ƙananan jami'an su ake saye da araha. Bai kama suna ba. Sai dai rumfar ɗaya ce, kuma kowa a unguwa ya san wa ta zauna a teburinta.

Da ƙarshen zango ya zo, hedimasta ya kira Gwaggo yana sosa ƙeya.

"Malama, kin daɗe kina wahala da makin nan. Na ce bari a ba wani, ki ɗan huta."

"Na ce maka na gaji ne?"

"A'a, ai dai... kin san bakin iyaye."

Ta sani. A makon ne wata uwa ta zo ta ce a fito mata da takardar 'yarta, da idonta take so ta sake haɗa makin. Ita kanta uwar, Gwaggo ce ta koya mata tarawa da ɗebewa. Saura shekara biyu ta ajiye aiki, ga shi za ta ajiye da sunan mai canja lamba.

Mijinta, wanda muke kira Baba Direba don shekarun da ya yi yana jan motar ma'aikata, shi ya ɗauki abin da zafi. Ya daina sauraren ƙwallo, ya koma bin shirin sharhi da littafi a cinya yana rubutawa. Kafin a yi wata uku maƙwabta sun sa masa Lauyan Baranda.

"Malama," zai ƙwala mata kira tana wanke-wanke, "kin san nauyin kawo hujja a kan mai ƙara yake?"

"Nauyin bokitin nan fa, Malam, a kan wa yake?"

"Ke ba a yi miki maganar ilimi."

"To ɗauko shi, ka yi min a hanya."

Shari'a ta yi ta hawa sama har kotun ƙarshe, wadda ta dawo da sakamakon rumfar. Baba Direba ya yi ta zagaye falo da rediyo a kunne. Amma ranar Lahadi da lauyan ya zo sharhi, sai ya shafe rabin awa a kan manyan batutuwa: wa ya kamata ya tabbatar da maguɗi, da kuma yaushe kuskuren jami'i ke kaiwa ga rushe zaɓe. Bai ko waiwayi matar da ya ce an saye ba.

"Ai shi ke nan, kin yi nasara," in ji Baba.

"Wanda ya ci zaɓe ne ya yi nasara. Ni ina nan inda suka ajiye ni."

Washegari Baba ya sa hularsa ta zuwa ofis, ya tafi rajistar kotu, ya yi zarya sau uku kafin ya samo kwafin hukuncin. Shafi casa'in ne, cikin yaren lauyoyi. Gwaggo ta shimfiɗa shi a teburin cin abinci, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko. Kwana huɗu tana saukar da rular nan, ƙamus a gefe. A shafi na arba'in da bakwai ta tsaya, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Lahadi na zagayowa ta sa aka kira mata lambar shirin. Sau tara layi yana cike, a na goma ya shiga.

"Ranka ya daɗe lauya, ni ce mai jan biro."

Mai gabatarwa ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Hukuncin yana gabanka?"

"Yana nan, Hajiya."

"Ka karanta shi duka?"

"To... na karanta muhimman wurare."

"Haka yarana suke cewa. Buɗe arba'in da bakwai, sakin layi na biyu. Ka fassara wa mutane."

Muna jin ƙarar takardu. Ya gyara murya ya karanta: alƙalai sun gwada lambar da aka gyara da yawan waɗanda aka tantance a rumfar, sun tarar ita ce ta dace, kuma sun gamsu cewa shaidar ta faɗi gaskiya, ba ta yi nufin cutar kowa ba.

Baba Direba ya miƙe zai yi shewa, ta ɗaga masa hannu.

"Ci gaba. Akwai saura a ƙasa."

"Hajiya, na ƙasan ba yabonki yake ba."

"Na sani. Shi ma nawa ne."

Ya karanta cewa duk da haka jami'ar ta yi sakaci da ba ta sa hannu a gyaran ba, kuma bai kamata a maimaita ba.

"Wannan na karɓa," in ji Gwaggo. "Sakaci na yi. Amma kai cewa ka yi an saye ni."

"Ban ambaci suna ba, Hajiya."

"A unguwarmu an ambata maka."

Sannan, a muryar da ba irin ta sharhi ba, ya ce, "Na yi gaggawa, Malama. Ki yafe ni."

"Allah ya yafe mu duka. Gaba ka dinga karantawa har ƙarshe."

Ta miƙa min wayar. Baba yana ta faɗin ai shi ya samo takardar, a rubuta a ajiye, ta ce an ji, ya zauna kafin ya ture fanka.

Ranar Litinin hedimasta da kansa ya shigo ajinta rungume da takardun jarrabawa, yana ta gaisuwa ba ƙaƙƙautawa, ya gida, ya maigida, ya ƙoƙari. Ta bar shi ya gama.

"Ajiye su nan," ta ce. "Na zangon da ya wuce ma, da aka haɗa ba ni, a kawo min in duba."