Saƙon da Hajiya Ta Goge

Ranar Laraba ce, cikin damina. Na tashi kafin kiran assalatu, na hura gawayi, na ɗora ruwan koko. 'Yata ta fari tana zaune a tabarma ta jingina da bango, don ciki ya tsufa, kwanciya ta gagare ta. Ba na kiran sunanta, haka aka rene mu. Ladidi muke ce mata. Mijinta ya kawo ta goyon ciki daga Nyanya, watan haihuwarta ya kama. Babanta direban tirela ne, yana hanyar Legas. Mu biyu ne a ɗakin.

Unguwarmu tana bayan wata doguwar katanga a Lugbe. Cikin katangar gidajen manya ne, ma'aikatan gwamnati. Wajenta mu ne, ɗakunan langa-langa da bulo marar shafe. Akwai ƙaramin get a jikin katangar. Ta nan muke shiga kullum, masu wanki da masu shara da masu girki. Idan mutum ya ratsa gidajen ya fita ta babban get, ga titin filin jirgi, ga asibiti a tsallake. In ba ta nan ba, sai an zagaya ta rafi.

Ni wanki da guga nake yi wa Hajiya Bilki. Ita ta buɗe wa matan cikin katanga wani gurup a waya, ta sa masa suna Zauren Godiya. Kowace safiya mace za ta faɗi abu guda da ya faranta mata rai. Doka ɗaya ce: ba ƙorafi, ba labarin baƙin ciki. Ta ce a wani kwas ta koyo a ƙasar waje, wai yana rage hawan jini. Ni dai na san alhamdulillahi tun kafin ƙafata ta san takalmi. Ta karɓi wayata ta saka ni da hannunta. Ta ce, "Maman Ladidi, ku talakawa kun fi mu iya godiya. Ki riƙa yi mana, mu ƙaru."

Na riƙa yi musu. Su suna godiya da sabon janareto, da bizar yaro ta fito, da kek bai ƙone ba. Ni ina godiya da ruwan sama ya cika mini duro. Nawa suka fi so. Sai su bi shi da hoton jar zuciya, har wata ta ce na sa ta hawaye a ofis. Da girmana na yi yaƙi da jahilci, hannuna yana da nawa a waya, shi ya sa murya nake turawa. Amma nasu ina karantawa tsaf.

Ran nan da na idar da asuba na tura nawa. Na ce jikana ya yi motsi har na ga shacin diddigensa a cikin uwarsa. Jajayen zukata suka yi ta zuba.

Tun kafin azumi an zo an shafa mana jan fenti a bango. Wani mai kuɗi ne ya ce filin nasa ne. Mai unguwa ya ce mu kwantar da hankali, magana tana kotu. Muka kwantar.

Wajen ƙarfe bakwai na ji babura. Ba ɗaya-ɗaya irin na 'yan acaɓa ba, da yawa a haɗe. Karnuka suka ɗauka. Sai aka kashe injina, unguwa ta yi tsit. Daga nan na ji ƙarfe yana dukan langa-langa, kamar ana buga garwa.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Na ɗaga labule. Samari ne, sun ɗaure fuska da ƙyalle. Adduna, gorori, jarkoki. Bayansu katafila tana tahowa a hankali, ƙasa tana rawa. Malam Isa mai shayi ya fito da hannu sama yana cewa a bari ya kwashe tukunyarsa. Aka sauke masa gora a ƙeya. Ya faɗi a kan bencinsa, bai sake motsi ba. Warin fetur ya shigo ɗaki kafin hayaƙi.

Bindiga ta tashi sau biyu ta wajen masallaci.

Na juyo na ga Ladidi a tsaye, ta dafe bango, zaninta a jiƙe har ƙasa. Faya ta fashe. Na yafa mata hijabina, na ɗauki waya, na kama hannunta. Ban ɗauki komai ba bayan wannan. Ban ma kashe gawayin ba.

Ƙaramin get ba nisa, amma sau uku muna tsayawa tana durƙusawa. Muka tarar mata sun cika wurin, duk mu ne, masu aikin gidajen. Ana dukan ƙarfen da hannu. An sa masa sarƙa da sabon kwaɗo, ko tsatsa babu. Ta tsakanin ƙarafa na hango Baba Audu mai gadi, tsohon da nake kai wa koko idan sanyi ya kama shi.

Na ce, "Baba Audu, naƙuda ce. Mu biyu kaɗai. Wucewa za mu yi."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Maman Ladidi, makullin ba ya hannuna. Tun jiya da magariba masu gidajen suka sa kwaɗon, suka tafi da shi."

Tun jiya. Jiya da la'asar ina gidan Hajiya ina ninke rigunan Alhaji. Ta ba ni ragowar shinkafa a leda, ta ce in gaida mai ciki.

Na kira Hajiya a waya. Ta yi ta ringin har ta katse. Na sake, haka. Sai na shiga Zauren Godiya na danna na yi magana. Ban yi ihu ba, ban iya ba. Na ce don girman Allah duk wadda take da makulli ta taimaka, Ladidi tana naƙuda a bakin ƙaramin get, ana ƙona unguwa. Na tura. Na duba na ga sunayen waɗanda suka saurara suna ƙaruwa. Na san su duka. Babu wadda ban wanke wa zanin gado ba.

Sai saƙon ya ɓace. Wani ɗan rubutu mai ruwan toka ya zauna a gurbinsa. Da Turanci ne, amma na san shi, na sha ganinsa. An goge.

Ƙarƙashinsa Hajiya ta rubuta: "'Yan'uwa, mu kiyaye dokar zaure. Alheri kawai."

Na ɗaga kai. A benen da ke kusa da katanga labule ya motsa. Na ga hannu da awarwaro riƙe da waya, ana ɗaukar mu.

Sai ga samarin sun iso ta bayanmu. "Ga su nan! Ku kore su!"

Mata suka watse. Wata ta bangaje Ladidi ta faɗi a kan gwiwa. Wadda ta ɗago ta ba ni ba ce. Talatu ce, maƙwabciyata, Bagwariya mai sayar da itace, wadda ko waya ba ta da ita. Ta sunkuya ta ɗora Ladidi a kafaɗa yadda suke ɗaukar kaya. Ta ce, "Mama, ka bi ni. Kar ka duba baya."

Muka gangara ta gonakin rogo. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi. Bayanmu kwanon rufi yana ƙara cikin wuta, tukunyar gas ta wani ta fashe. Rafi ya kawo saboda ruwan daren jiya, ya kai mana cinya, ja kamar kunun kanwa. A tsakiyarsa na ga wani jan daban yana bin bayan Talatu yana sauka a ruwa. Kan Ladidi ya langaɓe. A nan na kira ta da sunanta na yanka, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata. Ta buɗe ido ta dube ni kamar ba ta san mai kiran ba.

Hantsi ya dubi ludayi kafin mu hau titi. Motoci suna wucewa da gudu, gilashi a rufe. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Wani mai a-kori-kura da ya ɗauko bulo shi ya tsaya. Bai tambaye mu komai ba. Ya shimfiɗa buhun siminti a kan bulon, muka kwantar da ita.

A asibiti suka shige da ita, suka bar mu a benci. Talatu tana zaune jini ya bushe mata a baya. Ana kiran azahar nas ta fito. Ta ce uwar za ta rayu, an ƙara mata jini. Na jira kukan jaririn da ban ji ba. Ta ce, "Mama, da kun zo da wuri."

Ban gaya mata cewa da wuri muka fito ba.

Ƙanin mijina ya ba mu ɗaki a Karmo. A nan na sa wayar caji, na buɗe zauren. Ba su fasa ba ko na kwana ɗaya. Washegari wata ta gode wa Allah da ko gilashi bai fashe a gidajensu ba. Wata ta ce hayaƙin bai taɓa labulenta sabo ba. Wata ta turo hoto daga barandarta, ta ce masha Allah, yanzu ana hango duwatsu, iska kuma tana shigowa. Na ƙura wa hoton ido. Na gane bishiyar mangwaron da muke shanya a jikinta. Aka bi shi da jajayen zukata.

Ranar Asabar Hajiya ta kira.

"Wayyo Maman Ladidi, ashe abin da ya faru ke nan? Wallahi ban yi barci ba. Kin san akwai masu hawan jini a zauren, shi ya sa na cire, kar hankali ya tashi. Makulli kuma maganar maza ce, kwamiti ne. Ki yi haƙuri, ki gode wa Allah, ai uwar tana nan, za ta sake wani. Kowa yana kewar muryarki fa. Af, kayan Alhaji ma sun taru, yaushe za ki leƙo?"

Na ce, "To, Hajiya. Na gode." Bakina ya saba, da kansa ya faɗa.

Ban leƙa ba. Ban kuma fita daga zauren ba. Ina buɗewa kowace safiya, ina so in ga iyakarsu. Har yau ban gani ba.

Ladidi tana wankan jego, don jiki bai san abin da ya faru ba. Safe da yamma nake tafasa ruwa da ganyen darbejiya, in kai mata bayan ɗaki. Da aka sallamo mu nono ya zo mata, ya cika har yana jiƙa riga. Ni nake ɗaure mata ƙirji da zani, in ja da ƙarfi, ita kuma ta kama ƙofa ta juya fuska.

Namiji ne. Yana da gashi mai yawa, baƙi wuluk. Ni na yi masa wanka, mijinta ya ɗauke shi a hannu ɗaya zuwa maƙabarta. Ba a yi suna ba.