Laujen Bahago

Saratu, 'yar ƙanena Yakubu, ta rasa gurbin karatu kyauta a makarantar sakandaren da nake koyarwa a Funtua, kuma ni na tsara jarrabawar lissafin da ta kayar da ita. Saboda ita ne kwanakin nan ba na tuna kakarmu sai kunya ta rufe ni, alhali tsohuwar ta rasu tun Saratu ba ta zo duniya ba.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a bayan Tsiga. A zamanin da nake magana injin casar masara bai iso mu ba, don haka in an kawo amfanin gona gida, murza masara aikin yara ne da tsofaffi. Da an ci tuwon yamma Kaka Talatu za ta sa a zube masara a tabarma, a hura wuta da totuwar jiya, mu zagaye ta. Wutar totuwa hayaƙi gare ta, ga saurin cinyewa, amma ita muke da ita. Tatsuniya ce ladan aikinmu. In Kaka ta ga hannuna ya tsaya, sai ita ma ta tsaya a tsakiyar magana, ta ce maigidanta ya gaji, a jira shi ya huta. Ni ne maigidan, irin tsokanar nan ta kaka da jika, kuma yaran duka za su juyo su yi ta hararata har in ci gaba da murza.

A cikinmu akwai Rifkatu, 'yar gwaggona, taubashiyata, wadda ba a ba ta labari ta bar shi yadda aka ba ta. Ni kuwa yaro ne mai son a ce ya gane tun kafin a gama, halin da har yau bai sake ni ba.

Kaka tana da nata salon buɗewa. Sai ta leƙa wajen rumbu ta ce, “To, ga wata can ta leƙo, a bar ta ta shigo?” Mu ce a bar ta.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Sarkin Noma da jan sansa. Wai ya tsufa, yana son ya san wanda ya fi samarin gari hannu, ya ba shi san, ya kuma ɗora shi a kan gayya. Da yake mutum ne mai tsoron a ce ya yi son kai, sai ya sa maƙeri ɗaya ya ƙera lauje iri ɗaya, nauyi ɗaya, kaifi ɗaya, aka raba wa samarin, aka auna wa kowa fili daidai a fadamar shinkafa. Kowa ya yaba da adalcinsa. Aka shiga yanka, aka gama, wani saurayi ya zo na ƙarshe, ko rabi bai kai ba, ga yatsunsa duk jini. Gari ya sa masa suna rago.

Bayan kwana biyu Sarkin Noma yana wucewa ta gonar uban yaron, sai ya hangi shinkafa tana zubewa kamar mutum uku ke yanka. Ya matsa, sai ga ragon nan shi kaɗai. Ashe bahago ne, kuma laujen da ke hannunsa nasa ne, wanda aka lanƙwasa bakinsa don hannun hagu. Sarkin Noma ya koma gida. Ya sa maƙerin ya sake ƙera lauje iri ɗaya ga kowa, amma wannan karon duk na hagu. Aka koma fadama. Bahago ya gama ya zauna a inuwa, sauran suna can suna yankan yatsunsu.

Nan Kaka take tsayawa, ta tura totuwa cikin wuta, ta ce, “To, wa za a ba sa?”

Ni na riga kowa, na ce bahago mana. Wani ya ce wanda ya ci yankan farko. Muka yi ta musu, ita tana murzarta, ba ta taɓa raba mana gardamar ba. Rifkatu kaɗai ce ba ta damu da san ba. Abin da ta so ta sani shi ne, da Sarkin Noma bai bi ta wannan hanyar ba ranar, yaya za a yi a gane laifin lauje ne. Kaka ta dube ta ta ce, “Sai a nemo mai tsinin baki irinki, ta je ta gaya masa.” Sai da na girma na lura ita kanta Kaka da dama take cin tuwo, amma da hagu take murza masara.

Rifkatu ba ta bar tambayar nan ba, har ta zama sana'arta. Ta yi karatu mai zurfi, yanzu farfesa ce a jami'a, kuma aikinta shi ne yi wa jarrabawa jarrabawa. Yadda ta bayyana mini, takan ɗauki yaran ƙauye da na birni waɗanda ƙoƙarinsu ya zo ɗaya a sauran takardar, sai ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. In ta sami tambayar da na birni ke ci na ƙauye ke faɗi, alhali kansu ɗaya, to tambayar ce abin tuhuma, ba yaran ba. Ta yi rubuce-rubuce a kan haka, ta yaye ɗalibai da yawa, masu tsara manyan jarrabawa suna kiranta ta duba musu aiki, kuma ita ta dage sai an gwada tambaya a kan yaran karkara kafin a sa ta a takarda. Ina alfahari da ita a gaban mutane. A raina kuwa na ɗauka wannan gyaran na wasu ne, ba na ɗan ƙauye irina ba.

Da sakamako ya fito ba Saratu, Yakubu ya hau babur ya same ni a gida. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce dai malamanta na firamare sun sha gaya masa ta iya lissafi, ko akwai kuskure? Na gyara zama, na ce masa takarda ɗaya aka ba kowa, lokaci ɗaya, ni da kaina na yi makin ba tare da na ga suna ba. Na ƙara da cewa ba kowane kai ne na boko ba, ya nema mata sana'a tun da wuri. Ya ce, “To, Yaya, ai kai ka sani.” Na ji daɗin kaina ranar, wai na nuna jini bai sa na karkata ba.

Da Rifkatu ta zo Kirsimeti na kai mata takardun yaran, kuma gaskiya yabo na je nema. Ta kwana biyu tana dubawa, sannan ta kira ni ƙarƙashin mangwaron gidan gwaggo, ta nuna mini tambayoyin da na fi ji da su. Na zana mitar wutar lantarki irin ta kati, na rubuta lambar da ke jikinta da safe, na faɗi wutar da aka sha, na ce a nemo lambar da za ta nuna da yamma, sannan na jera wasu tambayoyin a kan wannan amsar. Duk yaron da ya tashi a Funtua ya san lambar mitar kati ƙasa take yi. Ban rubuta hakan ba, don ban ga abin rubutawa ba. Yaran ƙauye suka yi tunani irin na mai hankali, cewa abin da ke ƙirga shan wuta sama zai yi, suka tara maimakon su ɗebe. Lissafin Saratu tsaf yake daga farko har ƙarshe.

“Malam Bitrus,” in ji Rifkatu, “da wace mitar ka yi karatu a gidan Kaka?”

Taubashiya ce, da dariya ta faɗa. Ni da na yi firamare da fitilar ƙwai, ni ne na sa wa yaran garinmu tambayar da sai mai wuta a gida zai ci. Shekaru ina ba ɗalibaina tatsuniyar nan, kullum ina jin ni ne bahagon, ko kuma Sarkin Noman da ya gane. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne maƙerin ba, wanda ya yi aikinsa da kyau, bai cuci kowa da gangan ba, bai kuma taɓa tambayar hannun da zai riƙe abin da ya ƙera ba.

Na kai maganar gaban shugaban makaranta, na faɗi kuskurena a gaban malaman da na saba yi wa gyara. Aka cire tambayoyin mitar aka sake haɗa maki. Saratu ta shiga, ita da wasu yara daga ƙauyukan Maska. Aka ce za a riƙe musu gurbi zuwa farkon zango.

Na sami Saratu a Bakori, a shagon wata tela inda Yakubu ya kai ta koyon ɗinki. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na yi mata bayanin komai, na ce ba ita ta faɗi ba, tambayar ce ba ta da kyau, ta shirya kayanta. Ta saurara har na gama, kanta a ƙasa.

“Baba, na gode,” ta ce. “Amma kada ka je kana roƙon mutane saboda ni, su raina ka. Ai ka gaya wa Babana gaskiya, kaina ba na boko ba ne. Na riga na haƙura.”

Na rantse mata ba alfarma ba ce. Ta ce to, irin “to” ɗin da yaro mai ladabi ke ce wa babba. Maganata ta farko ta yarda da ita nan take, don malami ne ya faɗa. Ta biyun kuwa ta ɗauka tausayin baffa ne.

Zango ya kusa. Kowace Asabar ina hawa babur in tafi Bakori, in zauna a bencin ƙofar shagon in sake yi mata bayani. Takan kawo mini ruwa, ta tambayi mutanen gida, sannan ta koma kan kekenta.