Na Tafi Madarunfa Kama Maƙaryaci

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da wani abokin aikina. In faɗa muku gaskiya, ba da zuciya ɗaya na fita ba. Maƙaryaci na tafi kamawa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ke gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi ranar Lahadi a wani gidan rediyo nan Maraɗi. Waƙar da nake buɗe shirin da ita, daga wata tsohuwar kaset na ciro ta, wadda na tsinta wurin mai sayar da tarkace a kasuwa. A cikinta akwai busar armonika, ɗan ƙarfen nan mai ramuka a jere wanda bai wuce tafin hannu ba, da ake gogawa a baki ana hurawa ana zuƙa. A bayan kaset ɗin sunan mawaƙin kaɗai aka rubuta, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Kaset ɗin ta sha wuya, duk inda busar ta ja dogo sai ka ji wata ziza kamar ƙudan zuma ya faɗa tulu. Kwana uku na yi a kan na'ura ina goge zizar nan, kuma na daɗe ina yi wa abokan aiki fankama da wannan aikin.

Cikin shekara shida mutum uku suka zo mini, kowa ya ce shi ya yi busar. Na ƙarshensu da na miƙa masa armonika sai ya juya ta baibai ya hura, har jijiyar wuyansa ta tashi. To kun san wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da wata mata ta aiko mini da saƙon murya daga Madarunfa, wai mahaifinta Baba Ilu ne mai busar, tsaki na yi. Abin da ya sa na tashi shi ne ƙarshen maganarta. Ta ce tsohon ya zama abin dariya a gari, ko mahaifiyarta ba ta yarda da shi ba, har ya bar zama majalisa. Ta roƙe ni in zo, ko in gaskata shi, ko in ce masa ya yi shiru ya huta.

A tasha ɗan kamasho ya ce dala ɗari da hamsin kowane kai. Ban yarda ba sai da na tambayi wata tsohuwa da ke rungume da kwandon tattasai nawa ta biya. Ta ce haka ta biya ita ma, sai na fara zargin ko baki suka haɗa. Abokina ya ce in haka zan yi yau, gara in sauka tun da wuri kafin in ce direban ma na bogi ne.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai hagu da dama, har ya fi motar tsayi a wasu wuraren. Motocin Ɗan Issa suna ta wuce mu da jarkoki ɗaure har bisa, amalanken jakuna na mutanen Safo kuwa sun kama gefe da harawa, ba ruwansu da hon ɗin kowa. A shinge wani jandarma ya karɓi katinmu, ya sa na buɗe jaka, ya ɗaga na'urar ɗaukar magana yana juyawa kamar zai ga wani abu a ƙarƙashinta. Na ji haushi ƙwarai, don babu daɗi a dube ka da idon rashin yarda. Ban ko tuna cewa irin idon da na ɗauko wa wani ke nan ba.

Hantsi ya yi muka shiga Madarunfa. Tabki ya cika ya batse, masunta suna fitowa da jiragensu. Muka zauna wurin wata mai suyar kifi, karfasa biyu dala sittin, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Ina tambayarta gidan Baba Ilu sai ta kwashe da dariya, ta ce au, Baba na cikin rediyo? Wasu dattawa da ke kan benci suka karɓe zancen. Wai ya tara su wata Lahadi ya ce su saurara, akwai alamarsa a cikin busar, za su ji. Suka kasa kunne har waƙa ta ƙare, babu alama babu dalilinta. Tun ranar duk wanda ya yi ƙarya a majalisa sai a ce ya yi busa. Na dubi abokina na ɗaga gira, irin ta ai na faɗa maka. Ko tambayar wace alama ce ban yi ba.

Mun sami Baba Ilu a gindin itacen bedi ƙofar gida yana ɗinkin raga, dogo, siriri, hularsa ta koɗe. Bai yi murnar ganinmu ba ko kaɗan. Ya ce in nuna masa katin aikina, ya duba hoton ya dube ni, ya sake duba hoton. Sannan ya ce in kashe na'urar nan, don an sha ɗaukarsa ana tafiya da numfashinsa, ba ya sake jin labari. Muka zauna, ina zarginsa yana zargina.

Da ƙyar ya saki baki. Ya ce yana saurayi ya tafi cirani Kano, can ya sayi armonika ta farko hannun wani direban babbar mota. Bai taɓa zama mawaƙi ba, bai taɓa yin ƙungiya ba. Aikinsa shi ne zama a ƙofar ɗakin ɗaukar waƙa. Duk mawaƙin da ke son a cike masa gurbi tsakanin baiti da baiti sai a ce a kira Ilu. Ya shiga, a rera masa sau ɗaya, ya bi, a sallame shi, wani ya shigo. Haka ya yi ta yawo tsakanin Kano da Yamai shekara da shekaru, sunansa bai taɓa hawa bayan kaset ba. Da fiyano ya zo yana kwaikwayon kowane irin kiɗa, sai aka daina kiransa, ya dawo gida ya kama raga. Ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin madara, cikinsa armonika bakwai naɗe a tsumma. Ya ce kowace da muryarta, don mawaƙi ba ya sauko maka, kai ke hawa ka same shi.

Na ce to madalla, a busa mini waƙar da nake buɗe shiri da ita.

"Ban iya ta ba," in ji shi.

Wallahi har na fara naɗe wayar na'urata. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce sau ɗaya ya busa ta a duniya, ranar da aka ɗauka, kuma wataƙila ita ce ta biyar a wunin. Magini ba ya tuna kowane tubali. In ina so, in saka mawaƙin ya rera, shi ya bi shi, don aikinsa ke nan.

Na saka waƙar a salula, wadda nake sawa a rediyo. Ya saurari baitin farko, ya zaɓi ɗaya daga gwangwanin, ya buga ta a tafin hannu. Mawaƙin na yin shiru ya shiga. Numfashin ya tsufa, amma hanyar ita ce. Ban gama wannan tunanin ba ya ja busar dogo, sai ga ziza, zuuu, daga bakinsa, daidai wurin da na goge.

Na tambaye shi, da murya wadda ni kaina ban gane ta ba, ko armonikar ta lalace ne. Ya ce shi ya lalata ta da hannunsa. Da allura ya ɗan lanƙwasa ɗaya daga cikin 'yan harsunan ƙarfen da ke ba da sauti a cikinta, shekarar da ya yi aure. Ya bar amarya a nan, babu tarho, ita kuma ba ta karatun wasiƙa. Sai ya ce mata duk waƙar da ta ji a rediyo da ziza a cikin busa, to shi ne, yana raye kuma yana samun aiki. Masu ɗaukar waƙa sun sha yi masa faɗa a kai, bai gyara ba.

Na lalubo ta asalin, wadda na kwafa daga kaset kafin in taɓa ta, na ƙure murya. Zizar farko na fita sai muka ji an ajiye taɓarya a cikin gida. Wata tsohuwa ta leƙo ta zaure, hannunta duk dussa, ta tsaya har aka kai ta biyu.

"Wanga shi ne," ta ce. "Waccan ta Lahadi ba ta da shi."

Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, Baba, ni na cire ta, na ɗauka dattin kaset ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wurin matarsa.

"Ashe kai ne. Shekara shida ina zargin kunnen baiwar Allah, ita tana zargin bakina."

Inna, matar Baba, ta hana mu tafiya sai da muka sha fura. Kafin mu nemi mota na roƙi Baba ya raka mu ta wurin mai suyar kifi, na saka wa dattawan benci ta asalin, shi kuma ya bi da armonikarsa. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya matsa ya ba shi wuri.

La'asar sakaliya muka shigo Maraɗi, abokina bai bar ni na huta ba duk hanya, wai an tafi kama ɓarawo an dawo da shi a mota. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka goge abu a aikin wani, tambayi wanda ya sa shi. Ranar Lahadi na buɗe shiri da kaset ɗin yadda na tsince ta, na faɗi sunan Baba Ilu na Madarunfa sau uku. Wani mai sauraro ya kira ya ce na'urarmu tana ziza, a gyara. Na ce masa ya yi haƙuri, wannan ba tamu ba ce, saƙon wani ne zuwa gidansa.