Ogushi da Tagar Tanderu

Ogushi Noriyuki ɗan mai gasa tangaran ne. Ubansa ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta a wani ƙauye da ke bayan garin Imari, yana leƙa rami yana gane zafin wuta daga launinta. Ɗan ya rantse shi ba zai yi gadon wannan wahala ba. Ya shiga makarantar koyon sana'a, ya fito, ya sami aiki a masana'antarmu, sai ga shi an ajiye shi a gaban tanderu yana leƙa taga, shekara talatin da ɗoriya. Na sha yi masa tsiya da wannan, shi kuwa sai ya ce ai tasa wutar ba ta da hayaƙi.

Mu a sashen bincike muke. Aikin Ogushi shi ne ya narka wani ma'adini mai suna silikon a tukunya, ya tsoma ɗan guntunsa mai girman yatsa da muke kira iri, a riƙa jansa sama sannu-sannu yana juyawa, narkakken yana daskarewa a jikinsa har ya zama sanda mai kaurin bokiti. Ita ake yayyankawa faifai-faifai a yi ƙwaƙwalwar waya da ta mota. In sanda tana girma lafiya, za ka ga jijiyoyi huɗu sirara sun bi jikinta daga sama zuwa ƙasa. Da sun ɓace, cikinta ya lalace, sai a tsaya a mayar da ita cikin tukunya a sake daga farko. Na'ura tana lura da zafi da kauri, amma in ana gwajin sabon haɗi, idon mutum ake ajiyewa a taga. Idon Ogushi kuwa babu wanda ya taɓa yi masa gardama.

Ni sunana Tomie, ɗakin gwaji nake. Duk sandar da ya ja, wurina take zuwa in gutsura in duba a madubin ƙara girma. Abin da ya sa na san aikinsa fiye da yadda na san girkin kaina ke nan.

Kowa a masana'anta an koya masa ya nuna abu da yatsa, ya dube shi, ya ce "Daidai" da ƙarfi kafin ya wuce, kamar yadda direbobin jirgin ƙasa suke yi. Yawancinmu a gurguje muke yi, hannu bai ko gama tashi ba mun wuce. Ban da Ogushi. Shi sai ya tsaya ƙyam, ya miƙe hannu gaba ɗaya, ya faɗa har a jiyo shi daga ƙofa. Matarsa Fumie ta taɓa gaya mini ko gida zai bari sai ya nuna murhu, ya nuna taga, ya nuna kyanwa. Ta ce ita kaɗai ce bai taɓa nunawa ya ce daidai ba.

Mutum ne marar hayaniya. Abincinsa na rana bai canja: shinkafa, gasasshen kifi, ɗan wake a gefe. Ran hutu yana bakin teku da ƙugiya, ya kama bai kama ba duk ɗaya. Da lokacin lemu sai ka tarar da ƙunshi a kan teburinka, bai ce shi ya ajiye ba.

A irin wannan lokacin lemun ne aka kawo mini wata sanda da ta tsaya mini a rai. Gwajin Injiniya Soejima ne, shugaban sashenmu, wanda ya daɗe yana shirya shi. Jijiyoyin sun ɓace tun ba a kai rabi ba, amma an ci gaba da ja har ƙarshe. Kwanakin aiki da kaya duk sun tafi a banza. A taron safe Ogushi ya miƙe ya rusuna ya ce sakacinsa ne. Soejima ya ce kowa yana kuskure, za a sake. Aka tashi kowa ya yarda, ban da ni, don mutumin da yake nuna kyanwa ba ya sakaci.

Na sa masa ido. A ɗakin cin abinci na ga tsinken da yake cin abinci da shi ya nufi ƙwayar wake ya kuskure, ya sake ya kuskure. Na ga in zai dubi agogo sai ya karkata kai gefe kamar kaza. Da aka tashi aiki na tare shi a wajen ajiye kekuna.

"Yaya Ogushi, tun yaushe?"

Ya ce bai gane ba. Na ce kada ya mayar da ni yarinya, ni ma furfura gare ni, rini ne ya rufa mini asiri. Ya yi ɗan murmushi, sannan ya faɗa mini. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, tsakiyar ganin ce take tafiya, gefe-gefe kawai zai saura. Bai gaya wa kowa ba, har Fumie. Ritayarsa ta kusa, burinsa ya ƙare a tagar nan, kada a ɗauke shi daga gabanta kamar tsohon benci.

Raina ya ɓaci, na tambaye shi yadda aka yi ya ce daidai ga abin da bai gani ba.

"Wallahi ba ƙarya na yi ba, Tomie. Hannuna ya miƙe, bakina ya faɗa, ni kuma na yarda da su. Sai da aka fito da ita na san ban ga komai ba."

Na so in yi masa faɗa, tausayi ya hana. Na ce ba zan kai shi ƙara ba, amma in an tambaye ni ba zan rufe ba. Ya ce hakan ma ya gode. Ya tura kekensa ya tafi a ƙasa, sai a lokacin na lura ya daina hawa.

Ranar da aka sake gwajin na ƙirƙiri uzuri na je ɗakin tanderu. Da hantsi ne, sanda ta fara kauri, Soejima yana zaune gaban na'ura. Ogushi ya tafi taga ya sa ido. Ya ja baya, ya tsaya ƙyam, ya miƙe hannu. Muna jiran kalmar, ba ta zo ba. Hannun ya daɗe a miƙe har Soejima ya ɗago kai.

"Tomie," in ji Ogushi a hankali, "zo ki duba mini. Haske kawai nake gani."

Na je na leƙa. Sanda tana juyawa a kan jan narkakke, jijiyoyin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, huɗu cif, babu wadda ta yanke. Na gaya masa lafiya lau take. Har ga zuciyata so na yi ya karɓi wannan ya yi shiru, a ci gaba da tafiya a haka. Ya sauke hannu ya juya wajen Soejima.

"Shugaba, tana lafiya, amma ba ni na gani ba. A sa wani a tagar nan daga yau."

Soejima ya miƙe tsaye. Bai tambayi komai a gaban mutane ba, ya rusuna masa fiye da yadda na taɓa ganin shugaba ya rusuna wa na ƙasa da shi, ya ce za su yi magana bayan cin abinci. Ogushi ya ja kujera can nesa da taga ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ɗakin shirya tukwane aka mayar da shi, inda ake jera gutsattsarin silikon da hannu kafin a kai wuta. A nan ya cika sauran watanninsa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma in ya zo giftawa ta ƙofar ɗakin tanderu sai ya ƙara sauri.

Da sandar gwaji na biyun ta huce aka kawo mini ita, na aika a kira shi kafin in gutsura. Ya shigo ya sa safar hannu. Ya lalubi jijiya ta farko tun daga wuya, ya bi ta da yatsa a hankali har wutsiya, sannan ya mirgina sandar ya nemi ta biyu. Ban iya tsayawa in ga ta uku ba. Na ce zan ɗebo mana shayi, na fita na ja masa ƙofa.