Ƙasata Ba Ta Hutun Juma'a

Umma akanta ce a wani kamfanin inshora a unguwar Mushairib. Kamfanin yana da reshe a Amurka, kuma harajin reshen nan a wuyanta yake. Idan ƙawayena suka tambaye ni aikinta, cewa nake ita ke raba faɗan jihohin Amurka daga nan Doha. Ban yi ƙarya sosai ba.

Ita ta koya mana harajin ramuwa, wata rana tana yanka albasa. Ta ce a can kowace jiha da nata harajin. Idan jihar da kamfaninku ya fito ta tsauwala wa kamfanonin inshorar wata jiha, to ranar da kuka shiga waccan jihar neman kasuwa, abin da aka yi wa nasu shi za su yi muku.

Nan take kunnena ya miƙe. A lokacin ƙanina ya kafa doka cewa duk mai aron cajarsa sai ya ba shi tsokar nama. Washegari na ayyana ɗakina a matsayin ƙasa. Duk wanda ya shigo aro, abin da ƙasarsa ke karɓa shi zai biya. Shi kuwa kullum yana ƙofata neman kwamfuta. Kafin wata ya ƙare na yi kumatu, shi ya koma kamar tsinken tsire.

Wata Juma'a, bayan Baba da ƙanina sun dawo daga masallaci, muka zauna cin shinkafa da kaza a falonmu na unguwar Bin Mahmud. Na kai hannu farantin ƙanina.

"Yaya, yau Juma'a ce fa," in ji shi. "Ana hutu. Sai Lahadi."

"Ƙasata ba ta hutun Juma'a, malam. Biya."

Cokalin Umma ya faɗi. Ta zuba mini ido har na fara tunanin inda zan nemi mafaka.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Alhaji, ɗauko mukullin mota."

A mota muka ji bayani. Ranar ƙarshe ta biyan harajin wata jiha ta faɗo a wannan Juma'ar. Dokarsu ta ce idan ranar ta faɗo a hutu, sai a biya a ranar aiki ta gaba. Umma ta daɗe a Doha har Juma'a da Asabar sun zame mata hutun duniya baki ɗaya, don haka ta ajiye aikin sai Lahadi. Amurka kuwa aiki take ran Juma'a. In aka makara za a ci kamfanin tara, ga shi bana aka damƙa mata wannan aiki bayan ta sha gwagwarmayar nemansa. Kuma babban kuɗi irin wannan jihar ba ta karɓar cek, sai ta intanet. Kwamfutar da ke iya turawa tana ofis, sannan dole ogan Umma ya amince ta wayarsa.

Sa'armu ɗaya, rana tana riga fitowa a wajenmu. Mu mun ci rabin abincin rana, su ko shayin safe ba su ɗora ba.

Ni da a ce ni ce, da na ɗora wa intanet laifi, ko zafin Doha, ko ƙanina. Umma ta kira ogan, muna ji, ta ce masa ita ta yi kuskuren rana, ba wani ba, tana hanyar gyarawa, amincewarsa kawai take bukata. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Baba ne ma yake zufa yana cewa "yalla, yalla", wato maza-maza, ga danjar da ba ta san yana yi ba.

Mai gadin benen ofishinsu ɗan Katsina ne. Ya leƙo yana murza ido.

"Hajiya, lafiya? Ko kin manta yau Juma'a?"

"Ai tuna ta da na yi ne ya jawo mini, ɗan'uwa. Buɗe mana."

Ta zauna ta shigar da komai, ta sake dubawa, ta tura. Saura oga. Shi kuwa yana can cikin sahara da iyalinsa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Umma ta ce masa ya hau tudun rairayi mafi tsawo. Muna jin hakinsa ta waya kamar raƙumi mai mura. Sau da dama layin ya katse, ita kuwa ta ci gaba da kira, har tana ba shi haƙuri. La'asar ta yi, ta yi sallarta a gefen tebur, ta dawo ta zauna. Can sai saƙo ya faɗo: jihar ta karɓa.

A hanyar gida na gyara murya.

"Umma, ni fa na ceci kamfanin nan. Ina tukuicina?"

"Akwai," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba. "Abin da ƙasarki ta yi wa ƙasar ƙaninki yau, shi tawa za ta yi miki."

Muna shiga gida muka koma kan abincin da muka bari, na juye wa ƙanina kazata duka, har da fuffuken da na ɓoye a ƙarƙashin shinkafa. Umma ta duba farantinsa da kyau, sannan ta turo mini nata da kazarta duka a ciki.